Gwiwar Saje Ilu da Zuwanmu Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram 'yan majalisarmu ta ƙofar shagon Habu tela, nan Gyadi-Gyadi, suka sa ni gaba da tambaya. Wannan ya ce da gaske ne wutarsu ba ta ɗaukewa, wancan ya ce ina kilishinsa, shi kuwa Habu abin da ya dame shi kawai ya ji ko sojan can ma sun sara mini. Na yi ta ba su labarin gutsure-gutsure, kuma Allah Ya sani wuraren da na fito fes nake zaɓa. Wata bakwai ke nan ina wannan tsince-tsince, har na gaji da kaina. Ga shi nan duka na rubuta, wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sanusi, Laftanar ne a soja, mai anini biyu, amma ban taɓa harba bindiga ba in ba a filin koyo ba. Aikina gashi. Sojan da ya karye aka ɗora, ko ya yi targaɗe, ko jijiya ta riƙe masa, ni ake kawo wa in yi ta motsa gaɓar har ta dawo aiki. Na shiga soja ana sauran shekara biyu su miƙa mulki, wato na iso wurin biki ana kwashe tukwane. Duk da haka na ɗan lasa. In na sa kaki na fito titin Zariya, masu bas har rige-rigen ɗaukata suke, kwandasta ya kau da kai kamar bai gan ni ba. Mako biyu da rantsar da farar hula wani kwandasta ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce, "Oga, yanzu fa dimokuraɗiyya ake." Ban yi gardama ba.

Wanda ya ja ni wannan tafiya Saje Ilu ne, mutumin Tarauni, mai igiya uku, shekararsa goma sha tara a soja. Dogo ne kakkaura, ga gashin baki, ga furfura ta fara leƙowa, ya girme ni nesa ba kusa ba. A wurin aikin kwantar da tarzoma a ƙasar waje motarsu ta faɗa rami, ƙashin cinyarsa ta dama ya karye dab da gwiwa. Aka ɗora, aka dawo da shi gida, ƙashi ya haɗe, amma gwiwa ta sandare. Kwamitin likitoci ya ba shi wata shida. In ya iya tsugunawa ya tashi, ya kuma yi sassarfa, ya ci gaba da aiki. In bai iya ba a sallame shi. Shi kuwa bai san komai a duniya ba sai kakin nan, ko ranar hutu takalminsa a goge yake kwana.

Ranar da aka kawo shi na ɗauko ma'aunina, wani ƙarfe mai hannu biyu da ake ɗorawa a gefen gwiwa a ga iyakar lanƙwasarta. Digiri arba'in na samu, alhali ana so ta wuce ɗari da goma. Na gyara tsayuwa na ce, "Saje, digiri biyar nake so duk mako. Kuma ɗakin nan nawa ba a raki."

Yana kwance a kan gado ya ƙame ya ce, "An gama, Yallaɓai."

Kullum da safe in kunna masa fitilar gashi, in ya ɗumama in kama ƙwaurin in danne da iya ƙarfina. In tambaye shi, da zafi? Ya ce babu, Yallaɓai. Har wa'azi nake yi wa sauran marasa lafiya da shi, in ce ku dubi namijin duniya, ku da an taɓa ku sai ihu. Muka hau har saba'in, sai gwiwa ta tsaya. Daga nan ta fara komawa baya, sittin da biyar, sittin. Ni kuwa da basirar da Allah Ya ba ni sai na ƙara ƙarfi.

Ana sauran mako biyar kwamiti ya zauna, matarsa Hajara ta sako shi gaba suka zo gidana. 'Yar asalin Damagaram ce, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce, "Yallaɓai, ba raina aikinka muka yi ba. Amma yayana ya ce akwai wani dattijo a asibitin sojan garinmu, ƙafafuwan da aka fid da rai yana tayar da su. Shi wannan ba zai iya faɗa maka ba, shi ya sa na zo da kaina." Saje yana tsaye a bakin ƙofa kansa a ƙasa, kamar wanda aka kama da kayan sata. Kwamandanmu ya yarda ya ba mu hutun mako biyu, da sharaɗin tafiyar ƙashin kai ce, ba kaki, ba sunan hukuma. Na ce zan bi shi don in sa ido a kan aikin. Gaskiyar magana so nake in ga dattijon ya kasa, kowa ya shaida cewa laifin gwiwa ne.

Muka tashi da sassafe ranar Litinin, tsakiyar damina. A tasha direba ya dubi Saje cikin babbar riga da hula da sanda, ya buɗe masa ƙofa ya ce, "Alhaji, gidan gaba." Ya dube ni cikin shat da wando, ina fama da jaka biyu da wani ƙaton littafin makaranta, ya ce, "Kai kuma samari, can baya." Saje ya rikice, ya fara cewa direba ai wannan ofisa ne, na harare shi ya yi shiru. Na cusa kaina layin ƙarshe, tsakanin buhun citta da wata 'yar kasuwa mai suna Hajiya Rabi, wadda ke kai atamfa Damagaram sau biyu a wata.

Saje bai jingina ba tun daga Kano. Zama yake a miƙe, kuma duk ramin da muka faɗa sai ya waiwayo ya ce, "Yallaɓai, lafiya dai?" Kafin Kazaure Hajiya Rabi ta gaji ta ce mini, "Babanka yana ji da kai. Amma wannan wane irin suna ne yake kiranka da shi?" Na yi gyaran murya na ce ba babana ba ne, ni ne likitansa. Ta ƙare mini kallo a tsanake ta ce, "Kai ne likitan? To shi ya sa za a kai shi Damagaram."

A Daura muka tsaya shan fura. Saje ya ƙi taɓa ludayi sai da na fara, Hajiya ta miƙa masa tsire ya karɓa da hannu biyu ya miƙo mini. Bayan Daura ruwa ya tsuge, motar ta kafe a wata kwana da ake gyara, direba ya ce maza su fito turi. Na fito da kuzari don a ga horon soja. Mota ta fita, ni ban fita ba, na durƙusa cikin taɓo da gwiwa biyu. Da na ɗago sai na ga Saje ya riga ya sako sandarsa waje zai zo ya karɓe ni, sai da Hajiya ta daka masa tsawa ya koma.

A Kwangwalam, bakin iyaka, ɓangarenmu bai riƙe mu ba. Kafin mu isa nasu ɓangaren, Hajiya ta ja mini kunne, ta ce in mun tsaya in kame bakina in bar direba ya yi magana. Ina jin ta. Muna tsayawa na wuce layi kai tsaye zuwa rumfar jandarma, wato jami'an tsaron can, da taɓo har ƙugu, na miƙa hannu na ce Laftanar Sanusi, abokin aiki. Jandarman bai tashi ba. Ya yi wata doguwar magana da Faransanci, da ya ga na yi sototo ya juya harshe ya ce, "Nan kai baƙo ne. Ina katin rigakahi?"

Kowa a motar yana da nasa. Saje ya zaro nasa cikin leda, tsaf kamar ranar da aka ba shi. Ni ma'aikacin lafiya ni kaɗai ne ba ni da shi, ko tunawa ban yi ba. Aka ce ko in koma ko in shiga rumfar da ke gefe a yi mini allura. Na shiga, na tarar da wata malamar asibiti mai jiki, na fara yi mata bayanin yadda ya kamata a riƙe sirinji. Ban ƙarasa ba ta soka. Sautin da ya fito daga bakina ba zan rubuta shi ba, amma rumfar ta zana ce, kuma har masu sayar da ƙosai sun ji. Da na fito Saje ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Hajiya ta ce, "Sannu likita."

Ba a gama da ni ba. Wajen binciken jaka jandarman ya ci karo da ma'aunina, ya buɗe ya rufe, ya ce mi ne ne wannan. Na ga dama ta samu in dawo da mutuncina. Na kwantar da Saje a kan benci, na ɗora ƙarfen, na danne ƙwauri kamar yadda na saba, ina karanto digiri da ƙarfi don kowa ya ji. Hajiya ta matso ta ce, "Kai yaro, ba ka ganin gumin da bawan Allahn nan yake yi?" Na ce zafin damina ne. Na tambayi Saje a gaban jama'a, ya ce babu, Yallaɓai. Aka buga mana hatimi muka wuce.

Da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Yayan Hajara, wanda kowa ke kira Mushe Abdu saboda haka suke kiran malamin makaranta a can, ya tare mu a tasha ya kai mu gidansu a tsohon gari, gidan ƙasa mai zanen ado a fuskar zaure. Ɗakin baƙi gado ɗaya ne. Saje ya shimfiɗa tabarma a ƙasa ya ce nan zai kwanta, aka yi ta ja, sai da na ba shi oda da muryar fareti sannan ya hau gado. Ina jin a cikin duk odar da na ba shi a wata biyar ita kaɗai ce ta amfane shi.

Abincinsu bai yi nisa da namu ba, tuwon gero ne da miyar kuka, da fura wadda ko ta Daura ba ta kai ta ba. Burodinsu ne abin tsoro, dogo kamar taɓarya, ɓawonsa sai da ya yanke mini dasashi. Shayi kuma ba irin namu na mai tebur ba ne. A 'yar buta ake dafawa kan gawayi, a zuba a ɗan ƙaramin kofin gilashi, kuma sau uku ake yi. Ni da ban sani ba na kurɓe na farko gaba ɗaya, ɗaci ya tsaya mini a maƙoshi, na miƙe na ce an gode. Mushe Abdu ya riƙo hannuna ya ce, "Ina za ka? Wanda ya sha na hwari ya tahi, ai hushi yake da mai gida." Na koma na zauna har na ukun, wanda shi ne mai zaƙin.

Wuta kam, jama'a, kwana goma ban ga ta ƙifta ba. Da na yaba Mushe ya ce ai an ce daga wajenku muke sayowa, na rasa inda zan sa fuskata. Wani abin da ya ba ni mamaki, su a lokacin soja ne ke riƙe da su, ana shirin zaɓe, amma da idona na ga soja cikin kaki a layin burodi, bayan wata tsohuwa. Sai kuma hutun rana. Washegari na ɓata safiya ina wanke taɓo da guga don in shiga asibiti da kwarjini, muka isa sha biyu da rabi, muka tarar ko'ina a rufe. Mai gadi ya ce kowa ya tafi gida sai uku da rabi. Na fara yi masa lacca cewa mu a Kano yanzu ne ma aiki ke kankama, ya gyara kwanciya a inuwa ya ja rawani ya rufe fuska. Awa uku muka yi a gindin bedi, wato darbejiya, ni da Saje da littafina.

Dattijon da muka zo dominsa sunansa Issufu, muƙaminsa Ajidan, wato babban kurtu ne, ni ina gaba da shi. Gajere ne siriri, kai duk furfura. Ɗakinsa ba wasu na'urori, fitila ɗaya ce, da igiya a kan ƙugiya, da 'yan buhunan yashi, da tabarma, da kaskon gawayi. A bayan ƙofa akwai ƙusa, a nan ya rataye rigarsa mai alamar muƙami, yana aiki da singileti. Ashe dokar ɗakin ke nan, ko kanar ne ya shigo sai ya rataye tasa. Ni ba ni da rigar ratayewa, amma na zo da jadawalin digiri na wata biyar, na yi minti goma ina bayani ina jefa Turanci. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Madalla. Litinan, ka iya hura wuta?" Litinan ɗin shi ne Laftanar a bakinsu. Ya miƙo mini mafici da butar shayi.

Shi kuwa ya zauna a tabarma kusa da Saje, ƙafa da ƙafa. Ya tambaye shi inda ya yi aiki, wane irin abinci ake ba su a daji, wane ne kofur ɗin da ya fi gana masa azaba yana sabon shiga. Ban taɓa jin Saje ya yi dariya ba sai ranar. Duk hirar nan hannun Ajidan yana kan cinyar, yana ɗan zagayawa kamar ba da niyya ba, kuma ko sau ɗaya bai tambaye shi ko da zafi ba. Ni ina gefe ina fifita gawayi, hayaƙi na shiga idona, ina ce wa raina ashe hira muka zo yi.

Bayan kofi na farko Ajidan ya kira ni. Ya ce in lanƙwasa kamar yadda na saba. Na kama ƙwauri na danne. Ya ce in tambaye shi, na tambaya, amsar da kuka sani ita ya bayar.

Ajidan ya ce, "To riƙe nan. Kar ka dubi ma'auninka, kar ka dubi huskarshi. Huskar soja an hore ta. Dubi ɗayar ƙahwar."

Na duba. Yatsun ƙafar hagu, mai lafiyar, sun dunƙule sun nutse cikin tabarma har kaba tana tsinkewa. Dunduniyar tana rawa. Na ɗan sassauta, yatsun suka saki, na danna, suka sake dunƙulewa.

Ya ce, "Horon bariki bai kai ga yatsu ba. Ni da su nake magana."

Sannan ya kama hannuna ya ɗora sama da gwiwar, ƙarƙashin gajeren wando. Wurin zafi rau, kuma akwai wani abu mai tauri cikin naman, girman ƙwan kaza. Wata biyar ina riƙe da ƙafar nan kullum, hannuna bai taɓa hawa can ba, saboda ma'aunina a gwiwa yake tsayawa. Washegari aka ɗauki hoto, ga shi nan fari dishi-dishi a tsakiyar tsoka. Ƙashi ne ya tsiro inda bai kamata ba. Naman da ake yagawa kullum ba a bar shi ya huta ba, haka yake yi wani lokaci. Na san sunan ciwon. Yana cikin littafin da na yi dako tun daga Kano, kuma ni da kaina na ja masa layi da jan biro lokacin jarrabawa.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar ce ta fi ci na ba, tsoro ne. Na tambayi Ajidan ko akwai abin yi cikin mako huɗu. Ya girgiza kai. Ya ce a daina dannawa kwata-kwata, a sa ƙanƙara, a bar shi ya motsa da kansa, inda zafi ya fara nan ya tsaya. Ƙashin sai ya nuna, wataƙila shekara, sannan likitocin tiyata su duba ko zai ciru. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai, "Ni ma na taɓa yin haka. Nawa kohur ne, gwiwar hannu. Shekara ashirin ke nan, ban manta sunanshi ba."

Sauran kwanakin na yi su ne a bakin kasko. Na ƙware a shayi har kumfa nake tayarwa, kuma tsakanin kofi da kofi ina kallon yadda Ajidan ke aiki. Sojan da ya shigo da ciwon baya ko kafaɗa, sai ya sa shi ya cire takalmi da safa tukuna ko da ba ƙafa ce ke ciwo ba. Kumburin Saje ya sauka, ya fara barci, cin abincinsa ya dawo. Ba wanda ya danna masa komai, gwiwa da kanta ta koma saba'in. Da na ga haka na ɓoye ma'aunina a ƙasan jaka.

A hanyar dawowa muka tsaya sallar azahar a Matamai. Bayan mun idar, shi da ƙafarsa a miƙe, muka zauna a inuwar masallaci muna jiran direba. Na ce, "Saje, don Allah me ya hana ka faɗa mini?"

Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Ka ba da oda, Yallaɓai. Shekara sha tara ban taɓa ce wa ofisa ba zan iya ba."

Na ce to kumburin fa, ya aka yi ban taɓa gani ba? Sai ya faɗa mini. Kullum in ya koma gida Hajara ta sayo ƙanƙara a kasuwar Tarauni ta ɗaure masa, da asuba ta sake, ya haɗiyi ƙwayar kashe zafi biyu kafin ya shigo ɗakina, don kada in gani in ce ya gaza. Ya ƙara da cewa, "Kuma duk ranar da ta ƙaru kana murna, Yallaɓai. Har kira kake a zo a gani. Ban so in ɓata maka ba."

Direba ya iso, muka koma mota muka tsallake iyaka.

Da muka dawo na zauna na rubuta rahoto shafi uku. Na faɗi abin da na yi dalla-dalla, na haɗa da hoton, na ce wata biyar ɗin da aka ba shi ni na cinye su ba shi ba, na roƙi a ƙara masa shekara. Na ɗauka wannan jarumtar za ta girgiza kwamiti. Suka karanta, suka duba hoton, suka sa shi ya tsuguna. Ya miƙa wa kurtu sandarsa, ya ƙame, ya fara sauka. Ya kai rabi ya tsaya, ya ƙara yunƙurawa, gumi na ɗiga daga gashin baki, har shugaban kwamiti ya ce ya isa. Suka ce ko an ba da shekarar babu tabbas, ga kuma masu rauni da yawa ana ta dawowa da su. Aka sallame shi bisa dalilin rashin lafiya. Ni aka ba ni takardar gargaɗi guda ɗaya, aninina biyu suna nan a kafaɗata.

A baranda na same shi, ina neman kalmar da zan fara da ita. Ya riga ni. Ya ce, "Da ba ka rubuta ba, Yallaɓai. Ni ne ban faɗa ba. Yanzu ga shi an ɓata maka fayil."

Yanzu yana da ɗan kes a bakin kasuwar Tarauni, yana sayar da sabulu da ashana da omo, kayan a jere kamar za a zo duba su. Hanyar da na saba bi ke nan in zan je gaida mahaifiyata a Daurawa. Duk ranar da ya hango babur ɗina sai ya dafa kes ɗin ya miƙe a kan wannan gwiwa, ya haɗe ƙafafu, ya tsaya har in wuce. Na tsaya na roƙe shi. Na haɗa shi da Allah. Na ce masa shi farar hula ne yanzu, ba wanda zai tashi wa. Ya ce to, Yallaɓai, kuma mako na zagayowa ya sake miƙewa.

Kun sha tambayata me ya sa nake zagayawa ta babban titi in zan je Daurawa, ga gajeriyar hanya. Na ce muku ramuka ne. Ba ramuka ba ne. In ban bi ta nan ba, yana samu ya zauna.